Asabar: na ga jirgin Heland, na yini da labarin Ragnar Ulstein

Yau babu lakca, ruwa kuma tun asuba yake zuba irin na Ålesund ɗin nan ta yammacin Norway da ba ya gajiya, amma duk da haka na fita saboda na yi wa wani abokin karatuna ɗan garin alkawari zan raka shi gidan tarihi na Sunnmøre. Muka hau bas, ba nisa sosai daga tsakiyar gari. Shi tsoffin gidajen katako yake so ya nuna min, ni kuwa da muka sauka bakin ruwa na ga wani jirgin kamun kifi mai suna Heland, sai ƙafata ta ƙi gaba.

Jirgin katako ne, ba wani babba ba wallahi, in ka gan shi ba za ka ce ya taɓa barin bakin gaɓa ba. Amma wai da shi aka riƙa tsallaka Tekun Arewa zuwa tsibiran Shetland na Birtaniya lokacin yaƙin duniya na biyu, a kai masu gudu can, a dawo da makamai da 'yan leƙen asiri, kuma da hunturu ake tafiyar, lokacin da dare ya fi tsawo, don kada jiragen saman Jamus su hango su. Ni da ko jirgin fito na zuwa Hareid in ya ɗan yi rawa sai cikina ya juya, na tsaya ina kallon wannan abu ina ta tunanin mata da yara a cikinsa cikin duhu da sanyi.

Abokin nawa ne ya ce in dai wannan labarin ya kama ni to sunan mutum ɗaya zan riƙe, Ragnar Ulstein. Na san sunan sama-sama don malaminmu ya taɓa ambatonsa, amma yau ne na zauna na bi rayuwarsa tun daga farko, da muka dawo gari na wuce laburare na ɗauko littafinsa na zauna har aka kusa rufewa.

An haife shi a 1920 a Ulstein, nan tsallaken ruwa ne, tsibiri ɗaya da Hareid. Ke nan saura kwana goma ya cika shekara 20 Jamus ta faɗo wa Norway ranar 9 ga Afrilu 1940, kafin watan Yuni ya yi nisa sarki Haakon da gwamnati sun tsallaka Landan, ƙasa ta koma hannun sojan Hitler da 'yan korensu irin su Quisling. Samarin wannan yanki 'ya'yan masunta ne, teku suka sani, don haka hanyar da ta buɗe musu ita ce yamma. A 1941 shi ma ya shiga jirgi ya gudu Birtaniya ya shiga rundunar nan ta musamman ta 'yan Norway da Turawan Ingila suka horar, wadda daga baya aka sa mata sunan kwamandanta Martin Linge bayan an kashe shi a harin Måløy a watan Disamba 1941. A wannan satin da Linge ya mutu, Ulstein yana cikin waɗanda aka kai hari da su can arewa a tsibiran Lofoten. A 1943 aka dawo da shi gaɓar yamma a ɓoye don su lalata jiragen ruwan da ke yi wa Jamus dako, daga baya kuma aka tura shi yankin Sogn yana koya wa samarin ƙauye riƙe bindiga a cikin duwatsu, har zuwa ranar 8 ga Mayu 1945 da Jamusawa suka ajiye makamai. Yana da shekara 25 ke nan aka gama komai.

To ni ba wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni ba gaskiya. Jarumai suna da yawa a garin nan, ga mutum-mutumin Joachim Rønneberg can gaban ofishin magajin gari, kullum ina wucewa ta gefensa, shi ne ya jagoranci waɗanda suka fasa masana'antar ruwa mai nauyi da Jamus ke nema don haɗa bam ɗin nukiliya a Vemork a 1943. Abin da Ulstein ya yi bayan yaƙin shi ne ya bambanta shi. Ya shiga aikin jarida a Bergen da nan Ålesund, da ya ga dama sai ya rubuta littafi ɗaya a kan kansa ya sa hotonsa da kaki a bango ya huta, ai yana da abin faɗa. Sai ya juya ya bi sauran mutane. Ya riƙa shiga ƙauyuka da tsibirai gida-gida yana zama da tsoffin masunta da direbobi da manoma da matan da suka ɓoye baƙi a ɗakunansu, yana tambaya yana rubutawa: wane jirgi, wace rana kuka tashi, ku nawa ne a ciki, wa ya ba ku mai, wa ya isa, wa bai isa ba. Ɗaruruwan mutane ya yi hira da su, da yawansu ba wanda ya taɓa tambayar su komai.

Daga nan Englandsfarten ya fito, juzu'i biyu, 1965 da 1967, a kan waɗanda suka gudu ta teku, mutum sama da 3,000 a ƙananan jirage wajen 300. Shi ne na riƙe yau a hannuna. Da salon rubutun Nynorsk ya yi shi, ɗaya daga salo biyu na rubuta harshen Norway, wanda ya fi kusa da bakin mutanen yammacin ƙasar, kuma ni ɗaya salon ake koya mana a aji, don haka a hankali nake tafiya da ƙamus a waya. Amma ko ba ka gane kowace kalma ba za ka ga irin aikin, sunayen jirage ne da sunayen mutane shafi bayan shafi, kamar mai karanta sunayen mamata a wurin addu'a ba ya so ya tsallake ko ɗaya. Kuma ba wasa ba ne tafiyar, daga ƙarshen 1941 duk wanda aka kama zai gudu hukuncinsa kisa ne. A farkon 1942 aka yi wa wasu cinne a nan garin, aka kama su suna shirin tashi, ranar 30 ga Afrilu aka harbe mutum 18 a dajin Trandum don ramuwar jami'an Gestapo biyu, wato 'yan sandan sirri na Hitler, da aka kashe a ƙauyen Telavåg, ƙauyen ma aka rushe shi ƙurmus aka kwashe mazan zuwa sansanin Sachsenhausen. Wannan titin bakin ruwa da nake bi in sayo burodi, nan aka yi kamen.

Bai tsaya nan ba, ya juya gabas. Svensketrafikken juzu'i uku ne tsakanin 1974 da 1977, labarin mutum wajen 50,000 da suka keta daji da ƙanƙara suka shiga Suwidin da kuma waɗanda suka yi musu jagora, sannan wasu juzu'i uku daga 1989 zuwa 1992 a kan masu leƙen asiri da ke aika saƙo Landan ta rediyo. Ka lissafa, kusan shekara talatin yana kan abu ɗaya.

Ina zaune a wurin sai tsoffin sojan Bama na unguwarmu suka faɗo min a rai, yaƙi ɗaya ne fa, su ma a jirgin ruwa aka kwashe su, muna yara muna ganin ɗaya daga cikinsu a ƙofar masallaci da lambarsa a aljihu. Da na kira gida da magariba na tambayi Baba ko ya san wani da ya taɓa rubuta abin da tsohon ya gani, ya ce shi dai bai sani ba, amma ya tuna yana yawan maganar ruwan sama da sauro da dajin da ba a ganin rana. Muka ɗan jima muna hirarsa, Allah ya jiƙansa.

Akwai wani abu kuma da ya sa na ƙara ganin girman mutumin. Yahudawan Norway sama da 770 aka kwashe zuwa sansanonin mutuwa, fiye da 500 a jirgi ɗaya mai suna Donau ranar 26 ga Nuwamba 1942, kaɗan ƙwarai suka dawo, wasu sama da 1,000 kuma suka tsira zuwa Suwidin. Ulstein ya rubuta a kan gudun nasu a 1995. A 2018 sai muhawara mai zafi ta tashi a ƙasar a kan ko shugabannin gwagwarmayar ƙin mamayar Jamus sun san za a yi kamen tun da wuri amma ba su yi abin da ya kamata ba, kuma hirarrakin da ya yi tun wajen 1970, waɗanda ke ajiye a gidan tarihin gwagwarmaya na Akershus a Oslo, su ne ɓangarorin biyu suka riƙa ɗaukowa suna kafa hujja. Abokina yana ganin an zalunci tsoffin, ni ban yanke ba tukuna, amma na ce masa abu ɗaya na tabbata, mutumin da yake cikin tafiyar da kansa ya rubuta abin da aka faɗa masa har da wanda zai iya zame wa abokansa abin zargi, bai goge ba, ya ajiye inda na baya za su samu. Wannan ba ƙaramar amana ba ce, kuma ba kowa ke iyawa ba in maganar ta shafi nasa.

Ya rasu a watan Disamba 2019 yana da shekara 99. Na aro juzu'i na farko na taho da shi gida, na biyun an ce yana hannun wani sai mako mai zuwa, na sa sunana a layi.