A Jidda aka haifi 'ya'yana, amma ba 'yan nan ba ne

Duk wanda ka faɗa wa a Jidda kake zaune abu na farko da zai ce maka shine "kai Alhaji ka dace", kuma gaskiyarsa ne ban musa ba, tsakanina da Harami tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, in naga dama daren Juma'a bayan isha'i sai in kama hanya inyi ɗawafi in dawo kafin asuba, abinda wani a gida zai shekara da shekaru yana tara kuɗin kujera bai samu ba. To amma wannan dacen shi ya rufe mana baki mu mazauna nan. Da ka ce akwai abinda ke damunka sai a ce kai da kake maƙwabtaka da Ɗakin Allah me kuma kake nema, sai ka haɗiye maganarka don kar a ce kayi wa Allah butulci. Ni dai yau zan faɗa, don abin ya wuce kaina, ya koma kan yara.

Tun farkon shekarun 2000 na zo, aikin akanta a wani kamfanin kayan gini, da niyyar in ɗan tara jari in koma Kwari in buɗe shago. Aure ya zo, na ɗauko iyali, yara huɗu duk a nan aka haife su aka yanka musu rago. Wanda bai zauna ba bazai gane yadda zaman yake ba, komai naka a rataye yake jikin iƙama, wato takardar izinin zama, ita kuma iƙama a rataye take jikin aikinka da kafilinka, wato wanda ya ɗauke ka aiki ya tsaya maka, duk shekara sai an sabunta, ranar da aiki ya ƙare in baka samu wani ya ɗauke ka ba sai a buga maka bizar fita ta dindindin ka tattara. Ko shekara arba'in kayi. Haihuwar yaro a nan kuma bata ba shi ƙasa, ɗan baƙo baƙo ne, fasfon ubansa zai riƙe. A 2019 sun fito da wata iƙama ta musamman wadda ba ruwanka da kafili, ta dindindin ɗin riyal 800,000, to ina mai albashi irina zai ganta.

Babban ɗana shi ya fi tsaya min a rai. Makarantar gwamnati yayi tun firamare, kullum da safe yana cikin layi ana taken ƙasa da shi, Larabcinsa na Hijaz ne tsantsa wanda in a waya ne ba wanda zai ce ba ɗan gari bane, ƙungiyar ƙwallo ta Ittihad yake goyon baya har ya ƙi cin abinci in an ci su. Lokacin kofin duniya na 2018 a Rasha muna zaune a falo ana jero 'yan wasan Saudiyya, masu sunan Hawsawi, wato Bahaushe, har uku a cikin tawagar, Usama shine ma kyaftin, ga Umar ga Mu'utaz. Yaron ya juyo yace min da Larabci, Baba ai mu ma Hausawa ne, me yasa su 'yan ƙasa ne mu ba 'yan ƙasa ba? Na rage ƙarar talabijin na fara ba shi labari, nace kakannin waɗannan a ƙafa suka zo, ta Barno ta Chadi ta Sudan, wani ya shekara biyar wani goma a hanya yana noma yana ƙwadago kafin ya kai Sawakin ya hau jirgin ruwa ya tsallako, da yawa sun taso ne lokacin da Turawa suka ci ƙasar Hausa, bayan yaƙin Burmi na 1903 da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, wasu suka tsaya a Mai Wurno bakin kogin Nilu wasu suka ƙaraso Makka da Madina, kafin ma a haɗa ƙasar a sa mata suna Saudiyya a 1932 suna nan. Mu kuma a jirgin sama muka zo da biza. Yayi shiru can yace, to ni ai ban zo ba, a nan aka haife ni. Wallahi ban samu abinda zan ce masa ba har aka tashi wasan.

Kuma abin mamaki su kansu Hausawan nan na asali, ka je Shara Mansur a Makka ka ji Hausa na tashi ko'ina, ga tsire ga waina ga fura, tsofaffinsu suna wata Hausa ta da can mai daɗi wadda ko a Kano yanzu da wuya ka ji, amma da ka zauna da matasansu zaka gane su sun riga sun samu wurin tsayawa, Saudiyya ce ƙasarsu basu da wata, mu ne dai a tsakiya.

Abinda ya raba gidana biyu kuɗin iyali ne. A watan Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar baƙo, 2018 ya zama 200, 2019 ya zama 300, daga 2020 ya tsaya a 400. Ni mace ɗaya da yara huɗu, mutum biyar kenan, a farashin 2020 riyal 2,000 a wata, 24,000 a shekara, ba a yi maganar haya da abinci da kuɗin asibiti ba. Ƙasarsu ce dokarsu ce, suna da matasansu da ke neman aiki, ban ce kada su tsara abinsu ba. Amma a unguwarmu na ga yadda gidaje suka dinga zama kango, 'yan Sudan, 'yan Yaman, 'yan Masar, namu, kowa na saida kujeru da firij yana kai iyali filin jirgi. Ni ma a 2019 na maida uwargida da ƙananan uku Kano, babban ya zauna da ni ya ƙarasa sakandare.

Na ɗauka ai gida suka tafi, shikenan. Ranar da muka isa gidan Hajiya, 'yata mai bin babban ta shiga da murnarta ta nufi kakarta a tsaye ta kama kanta ta sumbaci goshinta, don haka aka koya mata girmama manya a inda ta tashi. Ɗakin yayi tsit, sai wata gwaggonta tace "ke ba a koya miki durƙusawa ba ne?" aka kwashe da dariya. Hajiya ce ta riƙo hannunta ta zaunar da ita kusa da ita tace ku ƙyale min jika, Allah ya saka mata, amma yarinyar ta riga ta ji. Daga ranar ta rage magana a cikin mutane saboda da ta buɗe baki sai an maimaita abinda ta faɗa ana dariya, tana Hausa tana sa "ya'ani" da "khalas" a ciki, namiji ta ce masa ke mace ta ce mata kai. A makarantar boko aka maida ita baya aji biyu don duk karatunta da Larabci tayi, lissafin ma ta iya amma bata gane tambayar da Turanci. A Islamiyya kuwa ita ake tsayarwa ta karanta wa 'yan aji, malamai na alfahari da ita, 'yan uwanta ɗalibai na kiranta Balarabiya, in faɗa ya haɗa su kuma 'yar takari. Yarinyar da a Jidda ake tambayarta ita 'yar wace ƙasa ce. Ta taɓa ce min a kiran bidiyo, Baba yaushe zamu koma gida, kuma Jidda take nufi.

Kada a ce bamu yi musu Hausa a gida bane, mun yi, uwarsu bata taɓa yi musu Larabci ba. Sai dai makaranta da titi da abokai sun fi falo ƙarfi, kuma Hausar falo bata koya wa yaro yadda ake gaida suruki ko abinda ake cewa a gidan makoki.

Ni kaina da nake ganin Bakano ne gaba da baya, in na je hutu sai in ga ana min hidimar baƙo, a shimfiɗa min darduma ta daban a yanka min kaza. Da aka zauna maganar gidan gado na kawo shawara, Yaya yace "Alhaji kai dai bari, baka san yadda garin yake ba yanzu", in dai ba maganar turo kuɗi bace ba a cika jiran bakina ba, kuma da gaskiyarsa wani wajen, unguwannin da na sani gonaki duk sun zama gari, abokan da muka yi zaman majalisa da su wasu sun rasu ta waya nayi ta'aziyya. Na kuma canza ni ma. A Jidda kewar nan ta a yi maka sallama ba tare da an kira ba take damuna, a Kano kuma kwana kaɗan sai in ji shigowar mutane ba ƙaƙƙautawa ta gajiyar da ni, da safe ga ƙosai ga koko raina na biya min ful da tamis. Na dawo nan kuma abokin aikina ɗan ƙasa, mutumin kirki da muka daɗe tare har na je ɗaurin auren 'yarsa, zai tambaye ni cikin kulawa yaushe zaka koma ƙasarku.

Masu cewa ka tattaro kawai ka dawo ina jin su, gini ma na kusa gamawa a Kano. Amma albashin nan shi ke riƙe da gida uku, kuma ga babban. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, sai dai kujerun jami'ar gwamnati na 'yan ƙasa ne, baƙo sai ta ɗan gurbin tallafi da kowa ke rububi, ta kuɗi kuma ta fi ƙarfina. Namiji bazai dawwama a kan iƙamar ubansa ba, dole watarana ya samu nasa kafilin ko ya fita. Na sa an turo masa littattafan JAMB daga gida, yana dubawa da daddare bayan ya dawo daga shagon wayoyin wani abokina inda yake zuwa kallon yadda ake gyara. Jiya nace masa ya faɗa min gaskiya wanne yake so, Kano ko nan, yace Baba ai ba ni zan zaɓa ba, duk wanda ya karɓe ni.