Ɗakin da na gina a cikin rufi

Asabar ɗin da ta wuce ɗan ƙanwata ya kira ni in je in sa albarka a gidan da ya saya a nan Manchesta. Irin tsofaffin gidajen nan ne na jan bulo da ke jere bango ɗaya da na maƙwabta, ɗaki biyu a sama. Ko ruwa ban gama sha ba ya kafa tsani, ya ture murfin silin, ya ce, "Kawu, hau ka gani." Na leƙa. Duhu ne da ƙura da tsohon tankin ruwa. Shi kuwa ɗaki yake gani da banɗaki, har da inda za a sa gadon jariri. Wai ya samu magini mutumin kirki, zai fasa bayan rufin ya fitar da akwatin nan mai taga da Turawa ke kira doma, kuma in aka biya shi kuɗi hannu zai yi ragi. Litinin zai ba shi rabin kuɗin kafin alƙalami.

Na ce ka auna tsayin wurin? Ya ce a ido dai ya isa. Wallahi kalmar da na faɗa wa matata ke nan a 2011.

Lokacin yaranmu huɗu a ɗaki ɗaya, ga Hajiya mahaifiyata za ta zo daga Kano ta yi wata shida. Canza gida ya fi ƙarfina. Wani a masallaci ya ce min ai ba a neman izini kafin a yi ɗaki a cikin rufi, kuma bai yi ƙarya duka ba. Dokar Ingila ta yarda gidan da ke cikin jere ya ƙara kubik mita 40 a rufi, sauran gidaje 50, ba tare da izinin tsara gari ba, muddin ƙarin bai wuce tsororuwar rufin ba, ba ta gaban titi yake ba, kuma unguwar ba ta cikin waɗanda aka keɓe don tarihi. Abin da bai gaya min ba, ko ya gaya min na toshe kunne, shi ne duba ingancin gini hanyarsa daban, kuma wannan babu mai tsallake shi. Maginina namu ne, a wurin suna muka haɗu. Ya ce masu duba gini ba su da aiki sai ɓata lokaci. Na ji daɗin maganar domin ita nake so in ji.

Masana sun ce a samu kamar mita 2.2 daga katakon silin zuwa tsororuwa kafin a fara tunanin ɗaki. Nawa da ƙyar ya kai biyu. Da aka ɗora daɓe aka rufe sama, sai ya zama in ba cikin domar na tsaya ba, a sunkuye nake kamar mai ruku'u. Matakalar ta cinye kusan rabin ɗakin yaran, ga ta a miƙe kamar tsani. Hajiya da na yi aikin dominta sau ɗaya ta hau, ta sauko tana salati tana dafa gwiwa, ta ce a shimfiɗa mata a falo. A falon ta yi wata shidanta.

Sai maganar maƙwabciyata, wadda har yau nake jin kunyarta. Tsohuwar Baturiya ce da ke karɓar mana saƙo in ba ma nan. Akwai doka tun 1996 da ta ce kafin ka huda bangon da kuke tarayya ka zura ƙarfe, ka ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata biyu kafin aikin. Ban bayar ba. Ta wayi gari bangon ɗakin kwananta ya tsage. Ta kira mai bincike, ni na biya shi, na biya gyara, kuma har ta bar unguwar ba ta sake amsa gaisuwata da fara'a ba. Ni da aka karantar da ni haƙƙin maƙwabci tun ina makarantar allo.

Rufin doma shimfiɗaɗɗe ne, Manchesta kuwa garin ruwa. Shekara ta biyu muka fara tara bokiti. A 2019 na so in sayar da gidan, lauyan mai saye ya nemi takardar kammala aiki ta masu duba gini, babu. Mai saye ya tafi. Na je ƙaramar hukuma da kaina na roƙi su halasta aikin, suka sa aka ɓalle daɓen, ashe yawancinsa a kan tsofaffin katakon silin yake, waɗanda aka yi su don riƙe filasta. A nan ɗana ya kwana shekara takwas. Aka sa sabbin ƙarafa, aka canza ƙofofin da ke kan matakala zuwa masu tare wuta na minti 30, aka haɗa ƙararrawar hayaƙi da lantarkin gida. Abin da na kashe ya ninka abin da na ce na tsimi. Araha ba ta ado.

Amma kada a mai da ni wawa. Da na tsaya jiran kuɗin yin komai bisa ƙa'ida, da yaran nan sun balaga maza da mata a ɗaki ɗaya. A wannan ɗakin mai yoyo babban ɗana ya yi karatun da ya kai shi jami'a. Wani lokaci in na tuna haka sai in ji ban yi laifi ba. Sai kuma in tuno katakon nan.

Na yi niyyar jero muku shawara goma, ku samarin da kuka fara sayen gidaje a ƙasar nan, amma na san ba za ku karanta ba, bidiyon minti ɗaya ya fi muku kawunku. To ku auna da tef. Mai duba gini ya shigo kafin kafinta ya buga ƙusa ɗaya. Kada ku ba kowa rabin kuɗi bai ko kafa sikafol ba, wato ƙarafan da magina ke hawa, ku biya kashi-kashi, ta banki. Ku ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci da takarda a hannu. Kuma kada ku ba namu aikin, domin in ya ɓata ba ka iya kai shi ƙara, sai dattawa su taru su ce ka yi haƙuri. Ko da yake wanda ya gyara min ɓarnar ma namu ne, wani bawan Allah ɗan Kumasi, kuma ban taɓa ganin mai aiki da amana irinsa ba. To ku ba namu, amma ku je ku ga gida uku da ya yi. In son samu ne ma ku bar rufin nan yadda kuka same shi, ku yi haƙuri da ɗaki biyu. Mu a ɗaki nawa muka tashi?

Duk na faɗa wa yaron nan a tsaye a gindin tsani. Yana ta "to, Kawu, to, Kawu," idonsa na kan waya. Daga ƙarshe ya ce zamaninmu daban, shi ya duba maginin a intanet, tauraro biyar gare shi. Na je mota na ɗauko tef ɗina na ajiye masa a kan tebur. Yau Laraba, bai kira ni ba, uwarsa ma ta ce ba ya ɗaukar wayarta.