Mai Saurare Ba Ya Tari

Jiya na miƙa makullan biro, bayan shekara huɗu ina hawa soraye ina ɗaura anten na rezon wifi daga Birni har Zango a Damagaram. Kowa ya ji an sallame ni, amma ba kowa ya san yadda aka yi ba.

Ofishin wani Alhaji ne kusa da Kasuwar Dole. Yana da tsohuwar na'urar buga takarda da ba ta san wani makullin tsare rezon wifi ba sai WEP, wanda tun 2001 masana suka nuna ana iya fasa shi. Na ce a sayi sabuwa mu koma WPA2, makullin da ya fi shi ƙarfi. Shef ya harare ni. "Kai yaro, da kuɗinka za a saya? Alhaji rezo yake so har ɗakin ajiya." Na ce to, ranka ya daɗe, na ƙure ƙarfin anten. Wannan kam laifina ne. Ɗaki ɗaki na bi ina awo, ko sau ɗaya ban tsallaka titi ba.

Bayan wata biyu, farashin da Alhaji zai kai wajen neman kwangila ya riga shi isa hannun abokin takara. Sai a ranar na fita da wayata na zauna a bencin mai shayi, inda 'yan fada ke yini. Ƙarfin rezon ofishin a wayata, sanda huɗu cif. Ɗakin ajiya, bayan katangar ƙasa mai kauri, sanda biyu da ƙyar.

Mun karanta wannan a makaranta, na ɗauka na jarrabawa ne kawai. A 1975 masani Aaron Wyner ya nuna cewa hanyar da saƙo ke bi ita kanta tana iya rufa asiri, muddin wanda aka nufa da saƙo ya fi mai laɓe jin sa da kyau. Ni kuwa da hannuna na juya lissafin. Kuma mai laɓe ba ya aika komai, ba ya bayyana a jerin na'urori, tara saƙonni kawai yake har makullin ya fito. Ya san inda anten ɗinmu yake, ya san irin makullinmu, mu ko inuwarsa ba mu sani ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Sauran kaɗan ne. Ka canza kalmar sirri duk ranar da ma'aikaci ya tafi. Gargaɗin da ka yi wa babba, ka sa shi a rubuce.

Shef ya gaya wa Alhaji cewa ni na zaɓi WEP. Da na wuce ranar Alhamis, na'urar buga takardar tana nan a kan teburinta.