Ka zana hanyar kafin ka ce wa direba mu tafi

A gasar farko ta kakar bana ta wasan neman hanya da mota cikin dare, ni aka ba riƙon agogo a tasha ta uku, wato wurin da ake rubuta wa motoci lokacin isowarsu. Wata ƙaramar mota ta iso da sababbin fitilu a goshinta, salansa tana ruri. Mai riƙe da taswira a cikinta ɗan wani abokina ne, yaro mai kaifin kai, bai daɗe da gama jami'a ba. Na rubuta masa lokaci a kati, na miƙa masa ambulan mai ɗauke da umarnin zango na gaba. Bai gama yage bakin ambulan ɗin ba na ji ya ce wa direbansa, "Mu je kawai, zan zana a hanya." Mahaɗar farko ba ta da nisa da inda nake tsaye. Ina kallon jajayen fitilunsu suka karya dama, alhali hanyar hagu take.

Ga wanda bai san wasan ba: a Ingila da Wales da wuya ka sami yankin da ba shi da kulob ɗin masu motoci, kuma da yawansu kan shirya jerin gasa daga wajen Oktoba zuwa Maris, lokacin da dare yake da tsawo. Yawanci sau ɗaya a wata ne, bayan an tashi daga aiki. Motoci ba sa wuce 12, domin dokar 1969 da ta tsara gasar motoci a kan titin jama'a ta sauƙaƙa neman izini idan ba a haura wannan adadi ba. Tafiyar kan kai mil 50 ko 60, a ƙananan hanyoyin ƙauye masu shingen ƙaya hagu da dama. Ba tsere ba ne. Titi a buɗe yake ga kowa, kuma ba a lissafa lokaci a kan abin da ya wuce mil 30 a awa, wato minti 2 ga kowane mil. Direba yana dama, mai taswira yana hagu da taswirar Landranger ta Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, a kan cinyarsa, wadda santimita 2 a cikinta kilomita 1 ne a ƙasa. Ba a ba ka hanya a zane. Alamu ake ba ka, kai ka fitar da hanyar.

Maganar da yaron nan ya faɗa ita ce maganata shekara da shekaru, kuma ita ta cinye mini kakar gasa ba ɗaya ba, ba biyu ba. Zangon mil 6 minti 12 ne. Agogo yana fara ci daga sa'ar da aka miƙo maka ambulan, saboda haka duk daƙiƙar da mota take tsaye sai ka ji kamar ana zare ta daga jikinka. Sai in ce a tafi. Mota tana tsalle a ramuka, fensir yana zamewa, fitilar taswira tana rawa, ina neman lamba a takarda, ina kuma ƙoƙarin gaya wa direba abin da ke gabansa. Aiki biyu ne, kuma mai koyo ba ya iya haɗa su. Ko ka daina zane ka bi hanya, ko ka duƙufa a zane ka manta inda kake. Na biyun ya fi muni, domin da zarar yatsanka ya bar inda mota take a taswira, duk mahaɗar da kuka tarar kama take da 'yar'uwarta. Minti 2 da na ƙi bayarwa a bakin tasha sai in biya shi da 10 a cikin duhu.

Ba na cewa laifina ne ni kaɗai. Inda na taso ba da taswira ake tafiya ba, da baki ake yi, matambayi ba ya ɓata. Na shigo wasan da mutanen da tun suna makarantar firamare ake koya musu karatun wannan taswira, kuma ina ganin gwanayensu suna karɓar ambulan mota ba ta ko tsaya sosai ba, sai na ɗauka haka ake yi. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce waɗancan sun haddace hanyoyin yankin ne, kallo ɗaya suke wa alamu su san inda aka nufa. To amma kuma ban tambaya ba. An sha ba masu koyo zaɓin karɓar umarni mai sauƙi, ko a ba su rabin awa su zana kafin a tashi, ni kuwa na yi saurin barin ajin masu koyo don kada a ce har yanzu ina can. Girman kai ne, ko da yake a lokacin sunan da na ba shi himma.

Bari in faɗi ainihin inda nake ɓata, don nan ne ku ma masu koyo za ku ɓata.

Akwai umarnin da ake kira ƙashin kifi. Layi ɗaya ne miƙaƙƙe, shi ne hanyarka, da 'yan gajerun layuka a gefensa, su ne hanyoyin da za ka bari. Ɗan layi a dama yana nufin ka bar hanya ɗaya a dama. Hakan na iya zama ka wuce wata kwana da ta ɓalle dama, ko kuma ka iso inda titi ya ƙare a wani titin ka karya hagu. Alama ɗaya ce ga duka biyun, taswira ce kaɗai za ta gaya maka wanne ne. Matsalar tana saman takardar, inda ake rubuta ko hanyoyi masu launi kaɗai za a ƙirga, ko har da farare. A Landranger ƙananan hanyoyin kwalta rawaya ne, hanyoyin gona da na shiga gidaje kuma farare. Idan an ce masu launi kaɗai, kai kuma ka ƙirga wata farar hanya guda ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya goce da mahaɗa ɗaya. Abin takaicin, sau da yawa kuskuren yakan ci gaba da dacewa har mahaɗa uku ko huɗu kafin ya toshe. Wannan layin na saman takarda shi ne wanda nake tsallakewa saboda gaggawa.

Sai lambobin wuri. Lamba shida ce, ukun farko na tafiya daga hagu zuwa dama, ukun ƙarshe daga ƙasa zuwa sama, kuma tana kai ka cikin mita 100 na wurin da ake nufi. Akwai ɗan katin roba na awo da ake ɗora kusurwarsa a kan murabba'in taswira don fitar da lambar ƙarshe ta kowane ɓangare. Ni da ido nake kintace, ina ganin katin ɓata lokaci ne. A inda hanyoyi biyu suke tafiya kusa da juna, mita 100 ita ce tsakanin daidai da kuskure. Wani lokaci kuma ana ƙara haruffa gaba da bayan lambar, a ce ka shigo daga kudu maso yamma ka fita ta arewa. Ka sami wurin daidai ka shigo ta inda ba a ce ba, hukuncinka ɗaya da wanda bai zo ba, ko kusa da haka. Lambobin tsayin ƙasa ma suna da nasu tarko: ƙananan baƙaƙen lambobi ne a gefen titi, kuma lamba ɗaya takan fito wuri biyu a yanki guda. Ƙa'idar ita ce ka bi hanya mafi gajarta da ta cika duk umarnin, ba wadda idonka ya fara gani ba. Zanen mahaɗa mai ɗigo da kibiya shi ne mai sauƙi, ka shigo ta ɗigo ka fita ta kibiya, sai dai idan mai shiryawa ya cire ɗigon ko ya hargitsa jerin.

Amma babbar wautata ba a zane take ba, a lissafi take. Na daɗe ban fahimci yadda ake cin gasar ba. Kowane minti na latti maki ɗaya ne a kanka, kuma ba a hukunta ka sau biyu a kansa: idan ka makara da minti 5 a tasha ta uku, lokacinka na tasha ta huɗu ma ya matsa da minti 5. Kuskuren rasa tasha, ko rasa ɗan allon haruffa da ake kafawa a gefen hanya don a tabbatar ka bi ta nan, shi ne mai tsada. A tsarin da kulob da yawa ke bi, da yawan irin wannan faɗuwa ake fara jera sakamako, sannan a duba mintoci. Wanda ya makara da minti 25 bai rasa allo ko ɗaya ba yana gaban wanda ya zo a kan lokaci ya rasa guda. Ni kuwa mintoci nake kora. Ina matsa wa direba ya taka, allo yana wucewa a gefen hagu ina duƙe a kan taswira. Inda aka fi ɓoye allunan shi ne ɗan tsibirin ciyawa mai kusurwa uku da ake samu a tsakiyar mahaɗa, idan umarni ya ce a zagaya ta doguwar hanya. Mai gaggawa gajeriyar yake bi.

Akwai kuma iyakar latti, yawanci minti 30. Ka haura ta, duk tashar da ka isa kamar ba ka je ba. Abin da gwani yake yi idan lattinsa ya kai 24 ko 25 shi ne ya yanke: ya sadaukar da zango ɗaya, ya bi babban titi kai tsaye zuwa wata tasha ta gaba, ya dawo cikin lokaci. Ni ban iya yankewa ba. Ina ganin kamar ha'inci ne, ko gazawa, in bar hanyar da na sha wahalar zanawa. Har yau wani ɓangare na zuciyata yana ganin akwai mutunci a bin hanya har ƙarshenta. Sai dai takardar sakamako ba ta da gurbin mutunci, kuma direban da ya ƙona mai ya ba da darensa yana da haƙƙin a rubuta sunansa cikin waɗanda suka kammala.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙauyuka. Kafin kowace gasa masu shiryawa sukan bi gidajen da ke kan hanya suna sanar da mutane, su kuma ware wuraren da za a wuce a hankali, da ƙaramar fitila, ba ƙarar inji. Na sha yin shiru ban gaya wa direba mun shiga irin wannan wuri ba don muna latti. Manomin da aka tayar wa iyali da dabbobi da tsakar dare ba ni zai nema ba, kulob zai kai ƙara, kuma hanyar da aka hana bi takan yi shekaru ba a dawo da ita ba. Wannan ba ni da uzurin da zan kawo a kansa.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, amma kaɗan ne suka cancanci faɗa.

Ku tsaya ku zana. Ku matsa gaba kaɗan daga tasha don kada ku tare wa na baya, ku karanta takardar daga layin farko, ku zana da fensir mai laushi, 2B, a gefen titin ba a kansa ba, don kada ku rufe abin da za ku karanta. Sannan ku ce a tafi. Na san kuma wanda ya tsaya yana zana kowane zango har ƙarshe ba zai taɓa barin tsakiyar jeri ba, dole wata rana ku koyi zana mil biyun farko ku ƙarasa sauran mota tana tafiya. Yaushe? Ba bana ba.

Ku daina zuba kuɗi a mota. Yaran yanzu kafin su sayi taswirar da ba ta kai kuɗin man dare ɗaya ba sun sayi fitilu da salansa, sun ɗauki hoto sun sa a Instagram. Motar zuwa aiki ta isa. Tayoyi masu kyau dai kada a yi rowarsu, da birki, don hanyoyin nan cike suke da taɓon tarakta, ga ƙanƙarar da ba a gani a kan kwalta. In yankinku ana bin fararen hanyoyi, ku sa farantin kare ƙasan inji. Allon da za ku ɗora taswira a kai ya zama na kwali, ba katako ko ƙarfe ba, saboda ranar da aka yi karo cikinku zai tarar. Taswirar kuma ta zama bugun da takardar gasa ta ambata, domin tsohon bugu yakan rasa sabon titi ko ya canza lambar tsayi.

Wayar nan ku ajiye ta. Yawancin gasa sun hana amfani da ita wajen neman hanya, kuma ko ba a hana ba, ba ta san ƙashin kifi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne saurayi ya iya zama awa uku yana latsa waya, amma a ce ya shimfiɗa taswira a tebur ya yi rabin awa yana warware umarnin gasar bara, sai ya ce ba shi da lokaci. Masu shiryawa suna ba da tsofaffin takardun ga duk wanda ya roƙa. Ba a roƙa.

Mai taswira ya ci abinci kaɗan, ya sha maganin jirin tafiya tun da wuri yadda takardarsa ta ce. Direba kada ya sha, yana sa barci.

Ku riƙe abokin tafiya ɗaya kaka guda cur, domin sai an daɗe direba yake gane abin da kake nufi da "kwana mai tsanani", makin matsayi kuma tarawa ake yi daga gasa zuwa gasa. Amma direban da ka ce masa tsaya bai tsaya ba, ko ya ƙi tsayawa cak a mahaɗar da aka ce a tsaya, ka sauka daga motarsa ko a tsakiyar kaka ne. Akwai masu sa ido a irin waɗannan mahaɗu, kuma korar da za a yi ku biyu za ta haɗa.

Takardu kuma kada ku bari sai daren gasa. Ku biyun kuna bukatar katin kulob da lasisin RS Clubman na Motorsport UK, hukumar wasannin motoci ta Birtaniya, wanda kyauta ake samunsa ta intanet. Inshorar motarku ta yau da kullum kusan koyaushe ta cire gasa daga abin da take biya, ko da a titin jama'a ne kuma a mil 30. Ana sayar da ta dare ɗaya ta hannun masu shirya gasa. Ku tambaye su tun ranar da kuka ba da suna, ku gaya musu shekarun direba da gaskiya, don sharuɗɗan sukan bambanta ga matasa.