Yadda muka tattara sunayen yaran da aka kama

Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, aikin da ya faɗo wa 'yar ƙungiyarmu a Kaduna shi ne rubuta sunayen yaran da aka kwashe. Muka ɗauki littafi da biro muka shiga Tudun Wada da Rigasa.

Da farko iyaye gudunmu suke yi. Wata dattijuwa ta tsayar da ni a zaure ta ce, "Ɗan nan, in na ba ka sunansa ba ƙara masa laifi za a yi ba?" Sai da limamin unguwa ya shige mana gaba aka saki jiki. Abu uku kawai muke nema: suna, shekaru, da ranar da aka kama yaro. Shekarun ne wahala, don da yawa ba su da takardar haihuwa. Katin rigakafi da ya yi shekaru a ƙasan akwati shi ya riƙa fitar da mu.

A wani ofishi kuwa ba wanda ya tambaye mu yara. Takardar rajista aka nema, sannan aka ce, "Su wa ke ba ku kuɗi?" Wannan tambayar ba ta wasa ba ce. Sashe na 839 na dokar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAMA) ta 2020 ya ba hukumar rajista ikon dakatar da amintattun ƙungiya, ko da yake wata kotun tarayya ta soke sashen a 2023, kuma kowa ya ga yadda aka rufe asusun masu zanga-zangar EndSARS ta 2020. Tun daga nan ba na fita sai da kwafin takardunmu a jaka.

Mun aika sunayen ga lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na waje, aka yi ta fitar da sanarwa, shiru kake ji. Sai ranar 1 ga Nuwamba, da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, duniya ta ga yara ramammu suna zubewa. Amnesty da sauransu suka yi ca, ranar 4 ga wata Shugaba Tinubu ya ce a sake su. A ganina kunya ce ta buɗe ƙofar, wasiƙun waje sun dai ƙara mata nauyi.

Da aka dawo da 'yan Kaduna, littafin nan muka buɗe muna bi layi-layi. Sunayen da ba mu gani ba muka mayar wa lauya.