Yadda zafin Afrilu ya zubar min da furen tumatir a rumfar leda

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci wallahi. Rumfar leda huɗu muka kafa ni da Yaya a gonarmu ta wajen Kadawa, lissafinmu mu samu tumatir daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da na rani ya ƙare kwando ya yi tsada a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Bohol da sola da tiyon ɗigo duk lafiya lau, ba su ne suka kayar da ni ba.

Tsoron sharon ne ya kayar da ni, wato tsutsar da ke cinye tumatir. Duk wanda ya ga abin da tsutsar nan ta yi mana a 2016 ba zai ga laifina ba, shi ya sa na sa aka rufe ko'ina ruf da raga mai ƙananan ido, sama kuma leda zalla babu ko kafa. Mai haɗa rumfar sai da ya ce min Alhaji a bar tagar iska a sama, na ce a'a, ƙwaro zai shiga. Na hana ƙwaro shiga, na hana zafi fita.

Afrilu na kamawa, in ka shiga da azahar kamar gidan burodi, ma'aunin zafi na haura 45. Ganye kore shar gwanin sha'awa, amma furen sai ya bushe ta wuya, ka taɓa shi da yatsa ya faɗo. Ƙasa duk rawaya. Ni kuma ina ta ƙara ruwa da taki, ashe tumatir in zafi ya wuce 35 garin furen ne ke lalacewa, ko dam ɗin Tiga ka juye masa ba zai ɗaura ɗa ba.

Daga baya na ji yadda suke yi a Almeriya ta ƙasar Sifen, wuri busasshe da rumfuna ke cin dubban hekta, farar ƙasa suke shafa wa ledar in zafi ya taso. Muka shafa, muka yanka tagogi a sama muka sa musu raga, kullum da hantsi yara su bi layi suna girgiza igiyoyin da tumatir ke hawa don garin furen ya zuba, tunda ba iska ba ƙudan zuma a ciki. Rumfa biyu suka farfaɗo, biyu kam sai tugewa muka yi.

In za ka kafa, don Allah tagar sama tukuna kafin komai. Yaya bai taɓa min gori ba, amma kuɗin shanunsa biyu na cikin waɗancan da muka tuge.