Bolt mai yawa, wuta kaɗan

A karatun fizik da nake yi a nan Kaduna, babu darasin da ya zauna mini a kai kamar na kiristal ɗin da ake kira feroilektirik, wanda ke ba da wutar lantarki in haske ya sauka a kansa.

Fanel ɗin sola da muke ɗorawa a kan rufin kwano na silikon ne, kuma aikinsa ya rataya ne a kan mahaɗar da ke tsakanin silikon iri biyu. Kowace ƙwaya da ke cikin fanel tana ba da kamar bolt 0.6, shi ya sa ake jera su da yawa. Feroilektirik ba ruwansa da mahaɗa. Ƙwayoyin zarrarsa sun ɗan karkata gefe guda, kuma da haske ya sauka, wannan karkatar ke sa ilektiron su nufi ɓangare ɗaya. Wani masani mai suna Chynoweth ya ga haka a irin wannan kiristal mai suna bariyom titanet a 1956 a Amurka. A 1974 wani masanin, Glass, da abokan aikinsa suka yi bayaninsa a wani kiristal ɗin, litiyom niyobet, inda bolt ke kaiwa dubbai. Abin da ya fi burge ni, in aka juya karkatar da lantarki daga waje, wutar ma sai ta sauya alƙibla.

To me ya hana a cika kasuwa da shi? Amfiya, wato yawan wutar da ke gudana. Wat shi ne bolt sau amfiya, su kuwa waɗannan kiristal da ƙyar suke barin wuta ta ratsa su. Ga kuma faɗin gibin makamashi, wato ƙarfin da haske ke buƙata kafin ya tayar da ilektiron: na bismut ferait, wanda shi ma feroilektirik ne, kusan 2.7 ne a ma'aunin ilektiron-bolt, na silikon 1.1. Shi ya sa bismut ferait sai shuɗin haske da wanda ya fi shi ƙarfi yake sha, sauran rana ta wuce shi a banza.

Da yamma ina bin ubangidana aikin sola, kuma a nan na ga lissafin da idona. Da hunturu a Tudun Wada, ƙura ta lulluɓe fanel, mita na nuna bolt kusan cikakke, batir kuwa ya ƙi cika. Ya ce mini, "Yaro, auna amfiya." Ta zube sosai. Muka goge gilashin da jiƙaƙƙen tsumma, nan take ta tashi.

Masu bincike na ƙoƙarin matse gibin ta hanyar sauya sinadaran kiristal ɗin. A 2015 an kai ga mayar da kashi 8.1 cikin ɗari na hasken rana zuwa lantarki da bismut ferait mai gaurayen kuromiyom, alhali fanel ɗin kasuwa na kusan kashi 20. Da sauran aiki, amma ni fannin da nake son zurfafawa a ciki ke nan.